Tukunyar Awa Takwas

A kasuwar Isa na ji wani mai kayan lantarki yana yi wa wata dattijuwa tallar tukunya.

"Inna, wagga tukunya ita ka dafa abinci da kanta. Ki zuba wake da safe, ki jona ta da wuta, bayan awa takwas ki tarar ya nuna luguf."

Ta ce, "Awa takwas? Madalla! Wutar tamu da ba ta kai tsawon sallar azahar?"

"Ai kin huta da shiga daji neman itace. Kin san yadda dajin ya koma yanzu."

Ta ce, "Na sani. To in jikokina sun yi kukan yunwa, sai in ce su jira a kawo wuta? Kai kana da ita gidanka?"

"Wallahi shekararta biyu wurin uwargida."

"Mi ta taɓa dafa maka ciki?"

Ya sosa ƙeya. "Daddawa take ajiyewa. Murfin na da nauyi, kusu bai iya buɗewa."

"Kai, ɗan nan! Shi ne ka tsaya kana yi mini wa'azin wake? Miƙo babbar, za ni saye."