Kaminar da Adamu ya bari

Assalamu alaikum ya ustaz, kai da masu sauraro. Ni ce Hauwa'u, daga wani ƙauye kusa da Sinnar.

Sai da likita ya ɗaga hoton ƙirjin maigidana Adamu ya ce, "Hajja, me yake shaƙa haka?" sannan na gane ba sanyi ke sa shi tari ba. Hayaƙin kamina ne, tulin itacen da yake lulluɓewa da ƙasa ya ƙona ya yi gawayi. Bai ga damina ba, Allah ya karɓi abinsa.

Jiya na ji kuna cewa masu haraji na shirin sa wa hayaƙi haraji, wai yana ɓata yanayi. Ba na gardama, na ga aikin hayaƙi da idona. Amma ustaz, har da irin namu? Gawayin nan ne tuwon yarana.

Ƙanin Adamu ya ce, "Yaya, bari in kunna kaminar da ya jera ya bari, mu sayar kafin harajin ya zo." Ina cikin takaba, kuma shi ma na ji ya fara tari. Don Allah ku ba ni shawara. Itacen na nan lulluɓe da ƙasa, har yau ban ba shi amsa ba.