Lambar da na sa wa suna "Kar Ki Ɗauka"

Salama a gare ku, 'yan'uwa mata, cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Saratu, malamar firamare a Malali.

Shekara uku na yi ba na magana da Yohanna, ƙanin mijina, makanike a Kurmin Mashi. Bayan mun binne mijina Bulus a ƙauye, a gaban dangi ya ce mace ba za ta iya riƙe motar marigayin ba, gara a sayar. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Na riƙe motar, na riƙe fushin. A wayata ma lambarsa "Kar Ki Ɗauka" na rubuta mata. Duk Lahadi ina nan gaba ina waƙa, amma Allah ya san abin da ke cikina.

Wajen wata guda rimot ɗin motar yana gargaɗina. Sai na danna sau uku, sau huɗu, kafin ƙofa ta buɗe. Kullum ina cewa gobe zan sa batir. Kun san goben malama!

Ran wata Alhamis da rana muka tsaya sayen kayan miya a Badarawa, ni da 'yata Alheri, mai shekara tara, mai ciwon asma. Hayaƙin wata tsohuwar tifa ya buge ta, numfashi ya fara sarƙewa. Maganin da take shaƙa yana cikin jakarta a kujerar baya, ina ganinsa ta gilashi. Na danna rimot, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na ɗauki dutse na buga wa gilashin har sau biyu, ko tsagewa bai yi ba. Alheri ta durƙusa tana riƙe da zanena. Wayyo, 'yan'uwa, na ji tsoro!

Na ce, "Yesu, ka ɗauki Bulus, kar ka bar ni na rasa wannan." Nan take sunan da na fi ƙi ya faɗo mini a rai. Na kira shi.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Maman Alheri, lafiya?"

Na gaya masa cikin kuka. Ya ce, "Ajiye dutsen. Juya bayan rimot ɗin, akwai ɗan maɓalli, tura shi ki ja. Makullin ƙarfe na ciki." Na ja, ga shi kuwa! Na sa a ƙofar direba, ta buɗe. Alheri ta shaƙi maganinta, numfashi ya dawo a hankali. Halleluya!

Kafin mu tashi sai ga Yohanna a kan babur, da baƙin mai a rigarsa da sabon batir a aljihu. Ya sa shi, sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Ki yafe mini maganar ranar nan. Ganin motar Yaya ne ba na iya jurewa." Shekara uku ina zaton raini ne, ashe shi ma makoki yake yi.

Na gode wa Ubangiji da ya ba ni 'yata, ya kuma raba ni da wannan gaba. Ke da ke zaune da wani a zuciya, ki dogara ga Yesu, kar ki jira sai rana irin tawa. A can bakin titi na miƙa wa Alheri wayar na ce ta gyara sunan. Ta rubuta "Baba Yohanna".