Na bar tramol, fada ta watse mini

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Sunana Sanusi daga Dakoro, ina lodin shanu a mota ranar kasuwa.

Shekara uku ina shan ƙwayar tramol don ƙarfin aiki. Wata rana na ƙara bisa yadda na saba, da hantsi duhu ya rufe mini ido, na faɗi gaban motar. A likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya auna tansiyona, wato ƙarfin bugun jinina, ya ce ta sauka ƙwarai, zuciya kuma da ƙyar take bugawa. Na ce ni ban da ciwon zuciya. Ya ce, "Sanusi, ƙwaƙwalwa ke ba zuciya da numfashi umarni. Can ƙwayar take zuwa ta sa ta barci. Da an makara, da ba ka tashi ba."

Da taimakonsa na daina a hankali. Amma abokan fadarmu, inda muke zaman hira da shayi, sun janye, wai zan tona su tunda su ma suna sha. Yanzu ni kaɗai nake dafa shayi a ƙofar gida. Wani lokaci har in ji kamar in koma, don in samu abokin hira kawai.

Masu sauraro, wanda ya daina, da wa ya zauna bayan nan? Ku ba ni shawara.