Goggo Ta Ce Da Sauƙi, Ni Na Ce A'a

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa. Sunana Rumasa'u daga Gwiwa. Ni mai kunya ce, amma yau murna ta fi ƙarfina!

Goggona tana fama da ciwon daji. A asibiti aka fara ba ta mofin na sha, maganin rage zafin ciwo, ɗan kaɗan, za a riƙa ƙarawa gwargwadon zafin da take ji. To Goggo akwai fulako. Duk sanda nas ta ce "Ya jiki?" sai ta ce "Da sauƙi." Shi ya sa ba a ƙara ba. Ni kuwa da nake karanta mata littattafan soyayya, ina ganin yadda take damƙe tabarma.

Da muka koma asibiti, ta sake cewa da sauƙi. Sai na ce, "Sista, wallahi ko juyi ba ta iya yi."

Goggo ta harare ni. "Ke, wa ya tambaye ki?"

Likita ya ƙara kaɗan, ya ce a ba ta a kan lokaci, kuma kada mu ƙara da kanmu.

Anti, jiya Goggo ta tashi zaune, ta sha fura! Har ta ce, "Ɗauko littafin nan, 'yar tonon asiri, mu ji ko saurayin zai dawo."

Masu jinya, don Allah ku faɗa wa likita gaskiya. A gaishe min da Goggo, tana sauraro, ba ta san na sake tona ta ba.