Maɓallin Rigar Baban Rifkatu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa.

Da ƙarar maɓalli abin ya fara. Maigidana yana sa rigarsa ta zuwa coci, sai na ji ƙyas! Maɓalli ya tsinke ya gangara ƙarƙashin gado. Dariya na yi. Na ce, "Baban Rifkatu, tuwona ya karɓe ka, har da tumbi!" A kasuwar Ikara ma tsokanarsa ake yi, wai ya zama Alhaji.

Ashe ruwa ne yake taruwa a cikinsa. Da idonsa ya yi ruwan ɗorawa muka ce shawara ce, ya yi ta shan saiwa. Sai a asibiti a Zariya aka ce kansar hanta ce, ta wuce tiyata.

Aka tura mu wani babban asibiti. Likita ya ce za su zura siririyar roba ta jijiyar gindin cinya har hanta, su zuba magani, su toshe jinin da ke ciyar da kansar. Ya ce, "Madam, ba warkewa ba ce. Jinkiri muke nema."

Ana shiga da shi na durƙusa a baranda. Na ce, "Yesu, ya riga ya shuka masara. Ka bar shi ya ga kaka!"

Ya kuwa gani! Aka zuƙe ruwan, ciki ya saɓe, na mayar da maɓallin. Maƙwabcinmu Malam Sani ya tara gayya suka karya masarar. Ranar godiyar kaka, da ƙafarsa maigidana ya bi buhun masarar da muka kai baiko har gaban bagadi a coci.

Kafin Kirsimeti ya tafi.

Wayyo! Na daina addu'a. Kullum ina cewa, me ya sa kaka kaɗai na roƙa? Ina ma shekaru na ce?

Yau na tsaya ne in gode, ko da hawaye. Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa, yana ji. Ni ta bakin ƙaramar 'yata ya buɗe mini baki. Rifkatu ta same ni rungume da rigar ina kuka, ta taɓa maɓallin, ta ce:

"Mama, ai Yesu ya ba ki abin da kika tambaye shi. To, ki sake tambayarsa mana. Ki ce ya bar mini ke."