Wayar Inna Ta Cika

SADISU: Inna, ni ne. Na san ba za ki ɗauka ba. Yatsana ne ya saba, gari na wayewa sai ya nemo sunanki da kansa. Bari ta yi ta ƙara, ni kuma in yi ta magana. Lemon da na ɓare miki da asuba yana nan kan kujera, ko ɓari ɗaya ba ki...

JENNIFER: Hello? Salamu alaikum?

SADISU: Wa ke magana?

JENNIFER: Ni ne mana, Ate Jennifer, yayarku 'yar Filifin. Sadisu? Na ga sunanka ya fito, "Ɗan Lemo".

SADISU: Ate. Yaya aka yi wayar Inna take hannunki?

JENNIFER: Ka manta? Ran Asabar da muka zo Yangoji wankin gyambo, wayarta ba ta shiga caji, na tafi da ita gari a gyara. Amma tsaya, ba mu gaisa ba. Ina kwana?

SADISU: Lafiya lau.

JENNIFER: Ina gajiya?

SADISU: Ba gajiya.

JENNIFER: Ya Zuba? Ya kasuwa? Kankana ya shigo?

SADISU: Ta shigo. Ate, ina so in...

JENNIFER: Ban gama ba. Innarka ta ce wanda ya yanke gaisuwa a tsakiya ba a yi masa tarbiyya ba. Ya oga naka?

SADISU: Yana lafiya.

JENNIFER: Ya ruwan jiya?

SADISU: Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen Filifin?

JENNIFER: Suna lafiya, suna cin shinkafa safe da rana da dare. Ka ga? Na iya ko ban iya ba?

SADISU: Kin iya.

JENNIFER: Muryarka ta yi ƙasa. Layi ne ko mura?

SADISU: Layi ne.

JENNIFER: To matsa kusa da taga, ina da albishir. Ka ce goro.

SADISU: Goro.

JENNIFER: Takalmin Inna ya zo. Jiya da yamma James direba ya karɓo. Ka tuna mun ɗora ƙafarta kan kwali mun zana? Mai ɗinki ya bi zanen daidai, na hagu ya fi gajarta, ciki duk soso mai laushi, babu ƙusa ko ɗaya. Mu 'yan Filifin mun soya abinci mun sayar a bakin coci, likitan nan ɗan Indiya ya ƙara, wani ɗan Labanan mai shagon taya ya ba da roba. Mutum goma sha za su samu a unguwarku, amma na Inna daban ne. Ja ne.

SADISU: Ja.

JENNIFER: Ita ta ce ja. Ta ce baƙin takalmi na ɗan sanda ne, ita kuma ba ta kama kowa ba. Ta ce kuturta ta ci mata yatsu amma ba ta ci mata ido ba, ta san abu mai kyau. Ran Asabar zan sa mata da hannuna, mu ga ko za ta yi rawar da ta yi mini alkawari.

SADISU: Ate, ba na Yangoji, ita ma ba ta can. Shekaranjiya zazzaɓi ya kama ta, maƙwabta suka kira ni, na ɗauko ta a mota zuwa wani ƙaramin asibiti nan Zuba.

JENNIFER: Asibiti? Me ya sa ba ka kira ni ba? Ni nas ce, ka manta? Wane magani suka ba ta? Sun sa ruwa?

SADISU: Sun sa. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ate, Inna ta rasu.

JENNIFER: Ta me? Layi yana yankewa.

SADISU: Ta rasu.

JENNIFER: Ta rasa me? In waya ce ka gaya mata ba ta rasa ba, ga ta a hannuna. Kullum haka take, ta ajiye abu ta ce an sace.

SADISU: Ba waya ba. Da asuba... ta cika.

JENNIFER: Ta cika, eh, fal. Tun jiya na sa a caji, yanzu kore take nunawa. Yaron mai gyara ya canza mata bakin caji ne kawai. Ka ce mata...

SADISU: Ate, don Allah ki saurara. Inna ta riga mu gidan gaskiya.

JENNIFER: Wane gida? Gidan Yusra a Abaji? Da zazzaɓi kuka bar ta ta hau wannan hanya? Sadisu, kai da ƙanwarka kuna da...

SADISU: Yayata ce.

JENNIFER: Yayarka. To ku biyu kuna da taurin kai. Ba ni Inna in yi mata faɗa.

SADISU: Tana nan kusa da ni. Ba za ta karɓa ba.

JENNIFER: Tana barci?

SADISU: Kada ki sa ni in faɗa, Ate.

JENNIFER: In faɗa me? Hausata ba ta kai nan ba, anak, ɗana. Ka faɗa mini da Hausar yara, yadda Inna take yi mini.

SADISU: Akwai kalmar da kika sani. Wadda kika faɗa ranar da akuyar maƙwabcinta Malam Kure ta ci leda.

JENNIFER: Akuyar da ta...

SADISU: Mu ba ma faɗin ta a kan mutum namu. Ta dabba ce, da fitila, da mota. Ɗa ba ya ɗora ta kan uwarsa.

JENNIFER: Sadisu.

SADISU: Ta mutu, Ate. Inna ta mutu.

JENNIFER: Wayyo, Inna.

SADISU: Hello? Kina ji?

JENNIFER: Ina ji. Na zauna ne. Takalmin yana kan cinyata.

SADISU: Ban so in faɗa haka ba. Tun asuba nake juya ta a baki, na ce ko da wa zan yi magana ba zan faɗe ta ba. Allah ya yafe mini.

JENNIFER: Ni na sa ka. Ka yi haƙuri. Ta koya mini ciniki, ta koya mini gaisuwa, har zagi ta koya mini don masu babur. Na taɓa tambayarta me ake cewa in an yi irin wannan, ta ce in bari, ranar tana zuwa da malaminta.

SADISU: Haka take magana.

JENNIFER: Ta sha wahala?

SADISU: A'a. Ta ce in ɓare mata lemo, na ɓare. Ta shinshina, ta ce wannan na Binuwai ne, ba a yi masa ƙarya. Ta riƙe shi tsakanin dungunta biyu kamar yadda take riƙe kofi. Na fita alwala, ana kiran salla. Da na dawo lemon yana nan, ita ce ba ta nan. Ɗakin ya yi shiru irin na kasuwa in an kwashe kaya, rumfuna na tsaye amma ba kowa.

JENNIFER: Kai kaɗai ne a wurin?

SADISU: Ni da ita. Wata nas, Prudence, ta rufe ta da zane, ta kawo mini shayi. Ate, akwai abin da zan roƙa, ban san yadda zan fara ba.

JENNIFER: Fara kawai.

SADISU: Ina so in kai ta gida yau, kafin la'asar. Can ne matan da suka san jikinta za su yi mata wanka ba tare da sun kau da kai ba. Can ne kabarin Baba. Na je tasha, direba na farko ya yarda, da ya ji unguwar da za mu sai ya ce motarsa na da lodi. Na biyu ya leƙo ya ga hannunta, ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya da su a kasuwa ne, ban ma ji haushinsu ba, tsoro ne. Na ce musu ta warke tun ina goye, ba su ji ba.

JENNIFER: Motarmu tana nan, James yana wanke ta. Za mu cire kujerun baya.

SADISU: Ba motar magani ba ce? Kada shugabanninku su...

JENNIFER: Shugabanninmu su ne ni da mata uku masu soya abinci. James! Bar ruwan nan, kawo makulli. Zuba za mu. Sadisu, wane layi?

SADISU: Bayan kasuwar lemo, in kun wuce gidan mai, akwai gini mai shuɗin ƙofa. Zan tsaya a bakin titi.

JENNIFER: Kada ka tsaya a titi, zauna da ita. Za mu nemo ku.

SADISU: To.

JENNIFER: Yanzu koya mini.

SADISU: Me?

JENNIFER: Abin da ake cewa. Ba na so in zo gabanka da bakin Turanci. Kai ne malamin da ta ce.

SADISU: Sai ki ce, Allah ya jiƙanta.

JENNIFER: Allah ya ji... ƙanta.

SADISU: Ya yi mata rahama.

JENNIFER: Ya yi mata rahama.

SADISU: Sannan ki tambaye ni, ya haƙuri.

JENNIFER: Sadisu, ɗan Inna Zulai. Allah ya jiƙanta, ya yi mata rahama. Ya haƙuri?

SADISU: Da godiya.

JENNIFER: Na faɗa daidai?

SADISU: Daidai. Ke ce ta farko.

JENNIFER: Akwai abu ɗaya. Ka san yadda nake yi in na zo, in kama hannunta in ɗora a goshina. A wurinmu haka yaro yake gaida babba, ya karɓi albarka. Addininku zai bar ni in yi sau ɗaya kafin mata su karɓe ta? In babu, babu komai.

SADISU: Ranar da kika fara yi, da kuka tafi ta ƙi wanke hannun har magariba. Ta ce tunda ciwon ya same ta mutane ke ajiye mata abu a ƙasa ta ɗauka, sai ga wata daga bayan teku ta ɗauki dungu ta kai goshi. Ta yi ta dariya, tana cewa 'yar Filifin ɗin nan ba ta da hankali. Ki zo. Hannun yana waje, ni nake riƙe da shi.

JENNIFER: Ina zuwa. In kawo takalmin?

SADISU: Kawo. Ba za a sa mata ba, amma a shiga da shi unguwa a gani. Ta gaya wa kowa ja ne, Malam Kure ya ce ƙarya take.

JENNIFER: Zan kawo, da wayar. In ka ji an kira ka da lambar Inna kada gabanka ya faɗi, ni ce.

SADISU: Kin ce "ni ce".

JENNIFER: Ta gaji da gyara mini. Yusra fa? Ta taso daga Abaji?

SADISU: Matar nan ta waya ta ce katina ya kusa ƙarewa.

JENNIFER: Kashe, ni zan kira. Amma Yusra ta sani? Limamin unguwa? Masu haƙa?

SADISU: Yusra na can tana dama kunun da za ta aiko mata da shi. In na kira ta, cokalin zai tsaya. Na ce bari ta ɗan ƙara damawa. Ban gaya wa kowa ba tukuna, Ate. Ke ma ba ke na kira ba, Inna na ki...