Murfin Bawul Daga Madina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai gaji da ni ba ko a lokacin da ni na gaji da kowa. Sunana Rahila. Shugabar zumuntar mata ta ce in rubuta shaidata a karanta, kuma kada in tsawaita. Ta san ni, ba na son dogon zance.

Shaidata ba ta ciwo ba ce, ta tayar babur ce. Mai dariya ya yi yanzu ya gama, domin wannan tayar saura kaɗan ta raba ni da aikina.

Bayan na gama sakandare na daɗe a gida ina zaman banza, kafin na samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Samaru. Mu kuwa muna Tudun Wada. Tun rasuwar Baba, wannan aikin ne abincinmu ni da Mama. Yayana ya samo mini ƙaramin babur na hannu, irin wanda ake kira roba-roba, don in daina kokawa da motar haya. Na yi murna ƙwarai.

Maƙwabciyarmu Hajiya Umma ma ta taya ni murna. Dattijuwa ce Musulma da aka haifa a Madina, aure ne ya kawo ta Zariya, Hausarta rabi Larabci. Ƙaninta yana gyaran babura a can unguwar Aziziya ta Madina, to cikin tsarabar dabino da ya aiko mata har da ƙananan murafen bawul biyu na ƙarfe, masu ƙyalli. Ta ba ni, na ɗaura su a tayoyin da kaina. Na gaba ya ɓace tun farko, na baya ya zauna. Kullum in zan fita sai ta leƙo ta ce, "Shuwayya-shuwayya, ya binti!" Ni a zatona addu'ar sauka lafiya ce, sai in ce "Amin, Hajiya!" in murɗa in wuce.

Sai tayar baya ta fara sacewa.

Da za ta sace gaba ɗaya ta huta, da na gode mata. Amma ina! Yau lafiya lau, gobe lafiya lau, jibi in fito da shirina in tarar ta kwanta kamar lagwani. Wani lokaci a tsakiyar hanya, wajen Kwangila, in ji bayan babur yana rawa. In sauka in tura, gumi ya jiƙa mini riga, 'yan acaɓa suna cewa, "Malama, mai ne ya ƙare ko ƙarfi?"

Na kai wa Ɗanladi mai faci na bakin titinmu. Ya cire murfin ya jefa a aljihu, ya kwance taya, ya zaro tub, ya ba shi iska, ya danna a bokitin ruwa yana juyawa. Ko kumfa ɗaya. Ya shafa cikin tayar da hannu ko akwai ƙusa ko ƙaya. Babu. Ya ɗiga yawu a bakin bawul, muka zuba ido. Shiru.

"Malama, tayarki lafiyarta ƙalau."

"To ni ce ba ni da lafiya ke nan?"

"Ni dai ban faɗa ba."

Ya mayar, ya ɗaura murfin da yatsu biyu. Ta yi kwanaki ba ta motsa ba. Da na fara sakin jiki, ta sake.

Na koma. Aka canza allurar cikin bawul. Ta sake. Na sayi sabon tub fil. Ta sake! Na sayi famfon hannu, na zama kullum da safe sai na durƙusa na ƙara iska, in ɗaure murfin nan tamau har yatsuna su yi ja, don kada ko numfashi ya fita. Abin ya ƙara lalacewa. Har Ɗanladi in ya hango ni sai ya ce wa abokansa, "Ga ta nan, mai tayar aljanu."

A nan majami'a wasu suka ce mini hannun maƙiya ne, wani ke sace iskar don baƙin ciki. Sai na shigar da babur har ɗakin kwanana, kusa da katifa, Mama tana faɗan warin fetur. Da safe taya a ƙasa. Wane maƙiyi ne ya shigo, ni da na kulle ƙofa da hannuna?

A makaranta kuwa haƙuri ya ƙare. Ranar wata Jumma'a na iso yara sun riga sun shiga aji, hannuna duk baƙin taya. Shugabar makaranta ta kira ni ofis.

"Malama Rahila, iyayen yara ba tayarki suke biya wa kuɗin makaranta ba. In kika sake makara, ki zauna a gida ki yi jinyarta."

Na wuce aji ba tare da tsiya ba, kuma ku da kuka san bakina kun san wannan kansa abin al'ajabi ne.

Washegari Asabar na fito da babur tsakar gida, na ba shi iska, na murɗe murfin da dukan haushina. Na zauna a turmi ina kallonsa. Mama tana wanki a gefe ta ce, "Kin yi wa kowa faɗa a kan tayar nan. Kin gaya wa Ubangiji?"

Na ce, "Mama, Ubangiji da taya?"

Ta ce, "Da abincinki."

Na shiga ɗaki na durƙusa. Ba addu'a mai daɗin ji na yi ba, 'yan'uwa, ba zan yi muku ƙarya ba. Cewa na yi, "Yesu, ka san ba ni da haƙuri, kai ka yi ni. Na duba, mai faci ya duba, ba mu ga komai ba. Ranar Litinin za a kore ni. In akwai rami, ka nuna mini shi da idona, don ni na gaji!" Na yi kuka har na ji kunyar kaina.

Ina fitowa Mama ta ɗauki bahon wankinta ta watsa ruwan sabulu tsakar gida. Ya fallatsa a tayar baya. Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na ga wani abu. A gindin murfin nan mai ƙyalli, kumfa tana kumbura a hankali, ta fashe, wata ta taso.

Na durƙusa cikin ruwan. Na sassauta murfin kaɗan, kumfa ta tsaya. Na ɗaure, ta dawo. Na sassauta, ta tsaya. Halleluya!

Na cire shi na leƙa ciki. Akwai wata 'yar roba a ƙasansa da ta tattare ta yi tsini. In an ɗaure da ƙarfi, sai ta danne allurar bawul, iska ta riƙa fita sannu. Shi ya sa Ɗanladi bai taɓa gani ba, domin murfin yana aljihunsa duk lokacin da yake gwaji. In shi ya ɗaura da yatsu biyu, lafiya. In ni na ɗaura, ko na bi bayansa na ƙara murɗawa, taya ta kwanta. Kullum da safe ni nake durƙusawa in sace iskata da hannuna, sannan in tashi in tsine wa maƙiya!

Ihuna ya fito da Hajiya Umma. Na nuna mata. Ta kama haɓa ta ce, "Miskina! Ba kullum nake ce miki shuwayya-shuwayya ba?"

"Ai ina amsawa da amin, Hajiya."

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Wane amin? A hankali nake ce miki, ya binti! A hankali! Ke komai sai kin murɗe masa wuya."

Mama ta ce, "Gaya mata, ni ta daina ji na."

Ranar Litinin na riga mai gadi isa ƙofar makaranta. Shugaba ta dube ni, ta dubi taya, ta wuce. Har yau ina wurin, kuma tayar nan ba ta ƙara kwanciya ba. Murfin roba baƙi ne a kanta yanzu, mummuna, Ɗanladi ya tsinto mini a ƙasa.

Na gode wa Yesu da ya amsa addu'ar mai tsiwa da ruwan wanki. 'Yan'uwa, kada ku ce abu ya yi ƙanƙanta da za a kai masa. Ku kai masa tun kafin ku gama zagin jama'a, ba kamar ni ba. Na Madinan yana nan a jakata, wadda take so ta gani ta same ni bayan sujada. Amma ta taɓa shi a hankali.

Yabo ga Ubangiji!